Yadda Ake Auna Matsuwar Ƙwayoyin Ciwon Daji da Sauti: Jagora Ga Masu Bincike a Kano

Duk likitan da ya taɓa duba mai sankarar nono ya san ƙullutun da tauri yake zuwa a hannu. Amma idan aka ware ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar galibinsu sun fi lafiyayyun ƙwayoyi laushi. Taurin ƙullutun daga zaren kolajin da ya yi masa ƙawanya yake fitowa. A 2007 Sarah Cross da James Gimzewski da abokan aikinsu a Los Anjalas ta Amurka sun ɗauki ƙwayoyi daga ruwan da ke taruwa a ƙirjin majinyata, suka danna su da wata siririyar allura ta na'urar AFM, maikroskop ɗin da ke laluben abu da allura yana auna ƙarfin dannawa, suka ga ƙwayoyin dajin da suka yaɗu sun fi na lafiya laushi da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Tun daga nan masu bincike suka dage da neman hanyar auna jikin ƙwaya cikin sauri, ba tare da rini ko wani sinadarin shaida ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ta sauti, irin wanda kunne ba ya ji, dangin wanda ake yi wa mai juna biyu sikanin da shi. Na zaɓi in yi bayaninta ne domin ta dace da halinmu. Ba ta buƙatar sinadaran shaida masu tsada da ake shigowa da su a sanyaye, kuma kayan lantarkinta ba baƙi ba ne ga ɗalibin fiziks ko injiniya. Ga kuma buƙata a gabanmu: ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mata 32,000 ne suka kamu da sankarar nono a Najeriya a wannan shekarar, kuma ita ce kan gaba a cikin cututtukan daji na matan ƙasar nan. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa nake magana da ku a jam'i. Ana son mai ilimin fiziks, da masanin dakin gwaje-gwaje wanda ya iya renon ƙwayoyi, da wanda ya iya sarrafa hoto a kwamfuta.

Kafin ku sayi komai: me sautin yake aunawa?

Nan ne mutane da dama suke ruɗewa, kuma ruɗun yakan bi su har cikin kundin digiri.

Ku ɗauki ledar fiya wata. Idan kuka matsa ta, nan da nan za ta sauya siffa, ta baje ko ta yi tsawo. Amma ruwan da ke ciki bai ragu ba ko kaɗan. Sauya siffa abu ɗaya ne, rage girma wani abu ne daban. Allurar AFM sauya siffa take aunawa, wanda ya dogara da zaren aktin da sauran ƙashin-gina-ƙwaya, kuma ana samun adadinsa a ɗaruruwa ko dubban faskal, ma'aunin matsi da tauri. Shi kuwa sauti matsa ƙwayar yake yi ta kowane ɓangare lokaci guda, don haka abin da yake gaya muku shi ne yadda girmanta yake raguwa a ƙarƙashin matsi. Wannan nake kira matsuwa. Ita ta dogara da abin da ƙwayar ta ƙunsa, wato yawan ruwa da kitse da furotin, kuma taurin da ya yi daidai da ita ya haura faskal biliyan 2. Adadin biyu ba sa kwatantuwa. Wanda ya auna matsuwa ya rubuta cewa ya auna laushin ƙwaya irin na AFM, ya yi kuskure, ko da lissafinsa daidai ne.

Ko a cikin hanyoyin auna siffa ma ba a dace ba. A 2018 mujallar Nature Methods ta buga wani aiki inda dakunan bincike da dama suka auna ƙwayoyin sankarar nono na reno masu suna MCF-7 iri ɗaya da hanyoyi mabambanta, sakamakon ya bambanta har ninki dubu. Don haka duk adadin da za ku bayar, ku faɗi hanyar da ta haife shi.

Mataki na farko: lissafin magudana

Zuciyar na'urar wata siririyar magudana ce a cikin allon gilashi ko silikon ko alminiyom. Ana manna wani ɗan faifan yumɓu mai suna PZT a ƙarƙashinta, wanda yake kaɗawa idan aka ba shi lantarki. Idan faɗin magudanar ya yi daidai da rabin tsawon igiyar sautin, sautin zai riƙa dukan bango yana dawowa, ya zama tsayayye. A tsakiyar magudanar sai a sami layin da matsi ba ya hawa ba ya sauka, kuma duk abin da ya fi ruwan nauyi ya kuma fi shi ƙin matsuwa, can za a tura shi. August Kundt ya nuna makamancin haka da ƙura a cikin bututu tun 1866, sai Lev Gor'kov na Tarayyar Sobiyat ya fitar da lissafin ƙarfin a 1962. Dakin binciken Thomas Laurell a Jami'ar Lund ta Suwidin da na Henrik Bruus a Denmak su ne suka mayar da abin tsayayyen fanni a ƙananan magudanai.

Sauti yana gudun mita 1,497 a daƙiƙa a cikin ruwa mai zafin digiri 25. A kaɗawa miliyan 2 a daƙiƙa, wato 2 MHz, tsawon igiya ya kama kusan maikromita 750, rabinsa 375 (maikromita dubu ne ke cikin milimita ɗaya). Shi ya sa za ku ga faɗin maikromita 375 yana yawan fitowa a ayyukan masana, da zurfin kusan 150. Faifan PZT mai kaurin milimita 1 shi ma a wajen 2 MHz yake kaɗawa da ƙarfi, sai abin ya zo daidai.

Kada ku yi magudanar da roba mai laushi ta PDMS, duk da ita ce aka fi sani a wannan fanni. Sauti ratsa ta yake yi ya ɓace maimakon ya dawo, domin yadda take karɓar sauti ya yi kusa da na ruwa. Tana da amfani a wani tsarin na dabam, mai sautin da ke bin saman faifan litiyom nayobet, wanda dakin binciken Tony Jun Huang a Amurka ya shahara da shi, amma wannan sai da ɗakin ƙira marar ƙura. Ga mai farawa a Kano, hanyoyi uku ne masu yiwuwa: ku yi odar allon silikon da gilashi, ko ku sa a fafe magudana a alminiyom da injin CNC ku rufe ta da gilashi, ko ku sayi siririn bututun gilashi mai kusurwa huɗu. Ni bututun nake ba da shawara a fara da shi saboda arha, sai dai bangonsa siriri ne, don haka amonsa, wato yawan kaɗawar da sauti ke tsayawa a cikinsa da ƙarfi, ba zai faɗa daidai inda lissafi ya nuna ba, sai an laluba.

Mataki na biyu: sauran kaya

Kuna buƙatar na'urar ba da sigina da ke kaiwa aƙalla 5 MHz, mai iya matsawa kilohaz ɗaya-ɗaya. Sai osiloskop don ganin hakikanin baltejin da ya isa faifan, da maikroskop mai kyamara da ke ɗaukar hoto 30 zuwa 50 a daƙiƙa, da sirinji da siraran robobi da famfunan rufewa guda biyu. Balteji 3 zuwa 10 yakan wadatar, kuma sau da yawa ba sai an sa amfilifaya ba. Waya da dalma da fanka ta sanyaya da makamantansu ana samun su a shagunan lantarki na Sabon Gari. Faifan PZT da ƙananan ƙwallayen robar folistarin masu tabbataccen girma, waɗanda ake gwada na'urar da su, kuwa odarsu za ku yi daga waje, don haka ku sa su a farkon kasafin da za ku miƙa wa TETFund ko wani mai tallafi.

Batun wuta ku ɗauke shi da muhimmanci. Ku ɗora na'urar sigina da kyamara da kwamfuta a kan inbata da batir, ku raba su da layin janareta. Idan janaretan yana kusa da ginin, girgizarsa za ta bayyana a hoto, domin motsin maikromita kaɗan kuke bi. Teburi mai nauyi, da soso mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun maikroskop, suna rage matsalar.

Mataki na uku: haɗawa

Ku goge allon da faifan da sifirit. Ku ɗiga gam kaɗan, ku danna faifan har gam ɗin ya baje ya zama siriri, ba kumfar iska ko ɗaya. Iska a tsakani tana tare sauti gaba ɗaya. Wanda yake son ya riƙa cire faifan sai ya sa gilisarin ya maƙale da kilif. Ku ɗan kauce da faifan gefe guda maimakon ku saita shi daidai tsakiyar magudana, hakan ya fi tayar da amon da ke tafiya daga bango zuwa bango. Wajen yin dalma ku hanzarta, zafi mai yawa yana kashe ƙarfin PZT. Ku bar taga inda haske zai ratsa.

Mataki na huɗu: zafi, kuma a nan zan daɗe

Takardun da za ku karanta galibi an rubuta su ne a ɗakunan da zafinsu ba ya motsi daga safe zuwa yamma. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, a tsakiyar hunturu kuma da asuba sai an sa rigar sanyi. Wannan yana shafar awo ta fuska biyu.

Ta farko, gudun sauti a ruwa yana ƙaruwa da zafi: mita 1,482 a digiri 20, 1,497 a digiri 25, kusan 1,520 a digiri 35. Kowane digiri ɗaya yana matsar da amon magudanar da wajen kilohaz 3 zuwa 4. Amon kuwa siriri ne, kilohaz kaɗan kuka kauce ƙarfin ya faɗi ƙasa. Wato idan kuka saita na'ura da hantsi, aka ɗauke wuta esi ta tsaya, kafin azahar kun fita daga amon ba ku sani ba, sai ku ga ƙwayoyi suna tafiya a hankali ku ɗauka halinsu ne.

Ta biyu, kaurin ruwa yana raguwa da zafi. A digiri 25 yana 0.89 a ma'aunin milifaskal-daƙiƙa, a digiri 35 ya sauka zuwa 0.72. Ragin ya kusa kashi ɗaya cikin biyar, kuma saurin ƙwaya zai ƙaru da gwargwadon haka. Ƙari a kan wannan, shi kansa faifan yana ɗumama idan ya daɗe a kunne.

Maganin shi ne ku ɗora allon a kan farantin alminiyom mai ɗauke da na'urar Peltier, wadda ke sanyaya ko ɗumama shi da lantarki, ku manna ma'aunin zafi mai siririyar waya kusa da magudanar, ku tsayar da zafin a wuri ɗaya, misali digiri 25, kada ya yi wasa fiye da rabin digiri. Ƙaramin allon kwamfuta na Arduino ya isa ya kula da wannan. Ku riƙa kunna sautin na daƙiƙoƙi kaɗan kawai, sannan ku kashe. A damina ku lura da raɓa, domin idan farantin ya fi ɗakin sanyi sosai, gilashin zai yi gumi hoton ya dushe.

Hunturu ma da nasa. Ƙurar hazo tana da ƙwayoyi masu girman maikromita kaɗan, daidai girman abin da kuke bi, kuma manhajar bin sawu ba ta san bambanci ba. Duk ruwan da zai shiga magudana ku tace shi da matata ta maikromita 0.22 kafin ku zuba masa ƙwallaye ko ƙwayoyi, ku rufe bakin robobi idan ba a aiki. Sannan bushewar iska tana tsotse ruwa daga buɗaɗɗen kwalba, gishirin ya ƙaru, ƙwayoyin su tsuke su fitar da ruwansu. Ƙwayar da ta tsuke ta riga ta sauya ainihin abin da kuke son aunawa. Kowane kwalba da murfinsa.

Mataki na biyar: neman amo da ƙwallaye

Kada ƙwayar halitta ta shiga na'urar sai kun ƙware da ƙwallayen folistarin. Ku cika magudanar da ruwan da aka cire wa iska, ku duba tsawonta duka ku tabbata ba kumfa. Ku tura ƙwallaye masu faɗin maikromita 10, ku rufe famfunan biyu har komai ya tsaya cak. Ku kunna sauti a 1.80 MHz, ku riƙa hawa da kilohaz 5 har 2.10. A wani wuri za ku ga ƙwallayen da ke warwatse sun taso daga bangon biyu sun jeru a tsakiya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, layi ɗaya siriri. Ganin farko yana da daɗi ƙwarai. Ku rubuta wurin, ku koma ku tace shi da kilohaz ɗaya-ɗaya har ku sami inda suka fi sauri.

Za ku lura layin bai miƙe sosai ba, kuma a wasu sassan magudanar ƙwallayen sun fi gudu. Haka abin yake, ƙarfin sautin ba ɗaya ba ne a duk tsawonta. Ku zaɓi sashe guda mai kyau, ku yi masa alama, ku tsaya a kansa. Ƙwallaye ƙasa da maikromita 2 ba za su jeru ba, sai dai su yi ta kewayawa, domin a wannan girman juyin ruwan da sauti ke haddasawa ya fi ƙarfin turawar. Ba lalacewar na'ura ba ce.

Mataki na shida: shirya ƙwayoyin

Ku fara da ƙwayoyin reno da duniya ta sani, don a iya kwatanta sakamakonku. MCF-7 ta samo asali daga ruwan ƙirjin wata mai sankarar nono a Ditroit a 1970. MDA-MB-231 ta fi ta saurin yaɗuwa. MCF-10A kuwa ta nono ce amma ba ta daji ba, ita ce ma'aunin kwatance. Ku nemi shaidar asalin duk wadda aka ba ku kyauta daga wani dakin bincike. An shafe shekaru ana amfani da MDA-MB-435 a matsayin ta nono kafin a tabbatar ta sankarar fata ce.

Ana renon su a inkubeta mai digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, kuma ita ma inkubetar tana son wutar da ba ta yankewa. Ku kwashe su idan sun rufe kashi 70 zuwa 80 na kwanon, ku ɓamɓare su daga kwanon da sinadarin tirifsin na minti 3 zuwa 5, ku juya su a santirifuj a hankali, ku mayar da su cikin ruwan gishiri na PBS mai ɗan furotin BSA don kada su manne da gilashi. Ku tace da rariya ta maikromita 40. Ku gwada da shuɗin tirifan, rinin da matattun ƙwayoyi kaɗai ke sha, idan masu rai ba su kai kashi 90 ba ku zubar ku sake. Kada ku sandarar da su da fomalin, domin yana sauya yadda suke amsa sauti.

Yawansu ya tsaya tsakanin 100,000 da 200,000 a kowace mililita, abin da zai ba ku ƙwaya biyar zuwa goma a fage ɗaya na kyamara. Idan suka fi haka sai su riƙa jan juna, lissafin ya ɓaci. Ku gama awo cikin awa guda da ɓamɓarewa, kuma kowace rana ku bi tsari ɗaya sak. Sai babbar dabara: ku zuba ƙwallayen folistarin kaɗan a cikin ƙwayoyin, su shiga magudanar tare. Dalilin zai bayyana a lissafi.

Safar hannu da rigar aiki dole ne, kuma duk ruwan da ya fito daga na'urar ya faɗa cikin kwalba mai ruwan bilic.

Mataki na bakwai: ɗaukar hoto

Ku tura samfurin, ku rufe famfo, ku jira ruwan ya tsaya. Kafin ku kunna sauti ku ɗauki hoto mai kaifi don auna girman kowace ƙwaya, da gilashin ninki 20 idan akwai. Sannan ku fara bidiyo, ku kunna sauti na daƙiƙa 3 zuwa 5, ku kashe, ku tura sabon samfuri. Ku hanzarta, domin ƙwaya mai faɗin maikromita 18 tana nutsewa da saurin kusan maikromita 14 a daƙiƙa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta kai ƙasan magudana inda gogayya za ta rage mata gudu. Duk wadda ta taɓa ƙasa, ko ta haɗu da wata, ko siffarta ba mulmulalliya ba ce, ku cire ta daga lissafi, kuma ku rubuta wannan ƙa'idar tun kafin ku ga sakamako.

Mataki na takwas: daga bidiyo zuwa adadi

Manhajar Fiji kyauta ce, kuma a cikinta akwai TrackMate da ke bin sawun kowace ƙwaya hoto bayan hoto. Abin da kuke so shi ne nisan ƙwaya daga bango, mu kira shi y, a kowane lokaci. Ku auna girman fiksel da gilashin awo, kada ku dogara da abin da aka rubuta a jikin kyamara.

Ku lissafa k, wato π a raba da faɗin magudana. Ku zana ln(tan(ky)) a kan lokaci. Idan komai ya tafi daidai, miƙaƙƙen layi za ku gani, kuma gangarensa shi ne 4Φk²a²E/3η. A nan a rabin faɗin ƙwaya ne, E ƙarfin sauti, η kaurin ruwa, Φ kuma shi ne bambancin ƙwaya da ruwa a wajen sauti, abin da kuke nema. Ku yi amfani da tsakiyar tafiyar kawai, misali daga maikromita 60 zuwa 150, ku bar kusa da bango da kusa da layin tsakiya. Idan layin ya lanƙwashe, wani abu ya faru: ruwa bai tsaya ba, ko ƙwayar ta goga ƙasa.

Yanzu amfanin ƙwallayen. Tunda suna cikin ruwa ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya da ƙwayar, idan kuka raba gangaren ƙwaya da na ƙwallo sai E da η da k duk su fita. Abin da ya rage: Φ na ƙwaya daidai yake da Φ na ƙwallo, sau rabon gangaren biyu, sau a² na ƙwallo a raba da a² na ƙwaya. Wannan shi ne babban garkuwarku daga wasan zafi da na balteji.

Ga misali don koyo, da adadin ruwa a digiri 25. Φ na folistarin kusan 0.17 ne. A ce rabin faɗin ƙwallo maikromita 5, na ƙwaya 9, gangaren ƙwaya kuma 0.8 na ƙwallo. Sai Φ ya zama 0.17 × 0.8 × 25/81, wato 0.042. Don samun matsuwa sai an san nauyin ƙwayar. A ce kilogiram 1,068 a mita kubik, na ruwa 997, rabonsu r ya zama 1.071. Ku lissafa (5r − 2)/(2r + 1), ya ba da 1.068. Ku cire Φ sau uku, saura 0.942. Ku ninka da matsuwar ruwa, 4.48 × 10⁻¹⁰ a kowane faskal, ku sami 4.22 × 10⁻¹⁰. A aikin gaske ku sa adadin ruwan gishirin da kuka yi amfani da shi, domin ya ɗan bambanta da ruwa zalla. Ku kuma lura wasu marubuta ba sa raba Φ da uku, don haka ku duba tsarin da takarda ta bi kafin ku ari adadinta.

A 2011 Deny Hartono da abokan aikinsa a Singafo sun yi irin wannan awo, suka sami matsuwa kusan 4.2 × 10⁻¹⁰ ga MCF-7, da kusan 3.8 × 10⁻¹⁰ ga lafiyayyun ƙwayoyin nono. Tazarar ba ta wuce kashi goma da 'yan kai ba, amma saboda adadin biyu suna kusa da na ruwa, sai ta kusa ninka Φ. Wannan ne ya sa hanyar take da kaifi.

Kaifin nan kuwa yana yanka ta ɓangare biyu. Ku sake lissafin da rabin faɗi 8.1 maimakon 9, kuskuren da bai kai maikromita ɗaya ba, za ku sami 4.09. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin mai daji da lafiyayya ya tafi a fiksel biyu. Ku sake da nauyin 1,050, za ku sami 4.14. Shi ya sa nake cewa lokacin da za ku kashe a kan auna girma da nauyi ya kamata ya fi wanda za ku kashe a kan sautin. Nauyi ana auna shi da saurin nutsewa idan sauti yana kashe, ko a juya ƙwayoyin a cikin ruwa mai hawa-hawan nauyi na Percoll ko OptiPrep a ga inda suka tsaya. Idan ba ku auna nauyi da kanku ba, ku ba da Φ kawai a matsayin sakamako, adadi ne mai mutunci da kansa.

Akwai hanyar da ta kauce wa matsalar girma. A 2016 Per Augustsson da Joel Voldman da abokan aikinsu sun cika magudana da ruwa mai sinadarin ayodiksanol wanda ya fi yawa a tsakiya ya ragu zuwa gefe. Kowace ƙwaya sai ta yi tafiya ta tsaya inda ruwan ya yi daidai da ita a wajen sauti, babba ce ko ƙarama. Wurin tsayawarta shi ne awon. Tana buƙatar famfunan sirinji masu daidaito da allon mai ƙofofi uku, don haka ku ajiye ta sai aiki ya kankama.

Tabbatar da sakamako

Ku auna wasu ƙwallaye na dabam da aka san halinsu, ko folistarin mai wani girman, ku ga ko na'urar za ta ba ku amsar da aka sani. Ku maimaita gwajin ƙwayoyi a ranaku aƙalla uku da reno dabam-dabam, domin ƙwaya ɗari daga kwano ɗaya gwaji ɗaya ne. Ku sa wani ya ɓoye sunayen samfura da lambobi kafin mai lissafi ya taɓa su. Ku riƙa juya wanda ake fara aunawa, yau MCF-7, gobe MCF-10A, don kada zafin rana ko jiran awa ya faɗa kullum a kan guda. Ku gwada maganin saitokalasin D mai wargaza zaren aktin. Idan ƙwayoyin suka yi laushi a siffa amma Φ bai motsa sosai ba, ba gazawa ba ce, bambancin nan ne na siffa da girma ya bayyana a hannunku.

Idan aka zo kan samfurin majinyata

Bayan ƙwayoyin reno sun ba ku sakamako mai maimaituwa ne za ku yi tunanin ruwan ƙirji ko na ciki daga majinyata, tare da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Murtala. Sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma takardar neman yarda ta kasance da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban ɗan'uwansa. A gaya wa Hajiya ko Baba a fili cewa wannan bincike ne, ba zai sauya maganinsu ba, kuma ƙin yarda ba zai rage musu kulawa ba. Awon sauti ba ya maye gurbin yankar nama a duba a dakin gwaji, kuma kada kowa ya gaya wa majinyaci sakamakonsa kamar hukuncin likita ne.

Samfurin majinyaci gauraye yake zuwa, da jajayen ƙwayoyin jini da farare da ƙwayoyin shimfiɗar ƙirji masu kama da na daji a girma. Dole masanin cututtuka ya duba wani kaso na samfurin a gilashi ya faɗi abin da ke ciki, in ba haka ba ba za ku san wa kuka auna ba. Idan na'urarku tana sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, samfurin kuma daga titin Zariya zai taso, ku lissafa cunkoson hanya. Ku sa kwalban a kula mai ƙanƙara, da tsumma a tsakani don kada ya daskare, ku rubuta lokacin ɗiba da lokacin isowa a jikinsa, sannan ku bar shi ya dawo zafin farantin na'urar kafin ya shiga magudana.